Wanda Ya Ɗauki Wayar Baba Kura

Kafin Halliru ya iso Kazaure daga Roni, mutanen layin masu gyaran waya sun riga sun gama shari'arsu. An ɗauke waya daga shagon Musaddiƙ, ba a fasa kwaɗo ba, ba a ɓalle taga ba, kuma a hannun matarsa Saude aka bar wayar. Wasu suka ce sayarwa ta yi. Wasu suka ce ƙona ta ta yi garin gyara, ta jefar don kada asirinta ya tonu. Mai shayin bakin layi ya ce shi dama tun ranar da mace ta ja kujera ta zauna a teburin gyara ya san nan za a zo.

Halliru mai bin sawu ne. A da, in aka kore shanu tsakanin Roni da bakin iyaka, ƙofarsa ake fara bugawa. Yakan duƙa ya dubi ƙasa ya faɗi yawan mutanen, ya faɗi wanda ke ɗingishi a cikinsu. Yanzu kiran ya ja baya. Samarin 'yan sintiri ake nema, da baburansu da wayoyinsu, shi kuwa sai dai ya ji labarin a kasuwa, ya haɗiye abin da ya taso masa. Saboda haka da Baba Kura ya aiko masa, bai tsaya tambayar me ya ɓata ba.

Baba Kura tsohon ɗan kasuwar kanwa ne a Babura, wanda Halliru ya taɓa dawo wa da shanunsa daga hannun ɓarayi. Ya same shi zaune a benci a ƙofar shagon, ya ɗora haɓarsa a kan sandarsa.

"Malam Halliru, na san ba irin aikinka ba ne," in ji tsohon bayan sun gaisa. "Amma ni ba waya nake nema ba. Ummi Kulsum ce a ciki."

Ummi Kulsum 'yarsa ce, autarsa. An kai ta aure Gwiwa, ta rasu bara wajen haihuwa, ta bar jaririya. Tun da ta tare, kusan kullum sai ta turo masa saƙon murya: gaisuwa, tsegumin maƙwabta, faɗan ya sha maganinsa. Duk suna cikin tsohuwar wayar nan, babu su a ko'ina kuma.

"Ina so yarinyar in ta yi wayo ta ji muryar uwarta. Shi ke nan abin da nake so."

*

Shagon ƙarami ne, tebur biyu a ciki. Saude na zaune a nata, idanunta sun yi ja, amma muryarta ba ta rawa. Mijinta na tsaye a jikin bango ya harɗe hannu.

Halliru ya ce wa Saude, "Faɗa mini yadda ya kasance, 'yata. Ki yi mini da Hausar masu shanu, ban san kan wayoyin nan ba."

"Baffa, wayar ta daina ɗaukar caji ne, ta mutu ɗif. Na leƙa bakin cajin na ga ya cushe da ƙura da zaren aljihu. Na sa allura da burushi na share. Da na jona sai ta ɗan motsa, amma ƙarafunan ciki sun cinye, sai an karkata igiyar cajar gefe ɗaya an riƙe da hannu take sha. Batirin ma ya fara kumbura. Na ce wa Baba ba zan buɗe ta ba sai na kwashe duk abin da ke ciki zuwa memori, don tsohuwar waya irin wannan in aka buɗe ta, tana iya ƙin tashi har abada. Na riƙe ta ta ɗan sha wuta, yamma ta yi, na sa ta a durowa a kan da safe zan kwashe. Da safe na tarar babu."

"Makulli a hannun wa yake?"

"Ɗaya a wurina, ɗaya a wurin maigida."

Musaddiƙ ya gyara tsayuwa. "Baffa, ni dai ina roƙo a yi mata a hankali. Kuskure kowa na yi. Aikin nan ba ta daɗe a cikinsa ba, ni na koya mata, kuma tun farko na gaya mata akwai wayoyin da suka fi ƙarfinta."

Saude ta ɗaga ido ta dube shi, ta mayar ƙasa.

Halliru ya dubi kantar da ke bayansu. Sababbin wayoyi na jere a kwali, ba wanda ya taɓa su. Ya fita ya zagaya shagon. Damina ce, ƙasa a jiƙe, tana riƙe komai. A ƙofar baya sawu iri biyu ne kawai, silifas ɗin Saude da takalmin mijinta, sai tayar babur ɗinsa mai tsaga a gefe. Ya ajiye su gefe kamar yadda yake ajiye sawun makiyayi a bakin garkensa. A ƙofar gaba kuwa rabin Kazaure ya riga ya tattake wurin.

*

Mai shayi ne ya ja shi gefe ya raɗa masa sunan Daudu, ɗan acaɓan da ya kawo Baba Kura daga tasha ranar. An gan shi a kasuwar Gwiwa yana cinikin waya.

Washegari Halliru ya hau mota ya tafi Gwiwa. Ya sha rana yana zagaya rumfuna kafin ya sami wanda ya saya. Mutumin ya fito da wayar: ja ce, mai madannai, ba ta ko yi kama da ta tsohon ba. Daudu da kansa ya same su a wurin, ransa a ɓace.

"Ta yayata ce, Baba, ita ta ba ni in canza mata. Ga lambarta, a kira ta. Ni kullum in abu ya ɓace sai a ce ɗan acaɓa. Me ya sa ba a tambayi Sama'ilu ba? Kowa ya san tun da matar nan ta fara aiki bai ƙara barci mai daɗi ba."

*

Shagon Sama'ilu na kallon na Musaddiƙ, titi ne kawai tsakani. Ya girme su duka a sana'ar. Halliru ya tarar da shi shi kaɗai, ba ko mai sayen kati.

"Na san me ya kawo ka," in ji Sama'ilu, bai ko ɗago daga wayar da yake kwancewa ba. "Ba zan ɓoye maka ba, Malam, ba na son ganin ta a layin nan. Da can matan Kazaure ƙannensu suke ba wa waya a kawo mini. Yanzu da ƙafarsu suke zuwa wurinta, wai ba sa son namiji ya ga hotunansu. To mata sun tafi, na haƙura. Sai ga maza ma sun bi. Ina zaune nan ina kallon mutanen da na yi wa aiki shekaru suna wuce ni kamar ba su taɓa sanina ba."

"Ka shiga shagonsu ranar?"

"Na shiga, kowa ma ya shiga. Ai wurina tsohon ya fara kawo ta. Na gwada caja ɗaya bayan ɗaya, shiru, na ce masa ta mutu. Ya tsallaka wurin Musaddiƙ. Shi ma ya jujjuya, ya sa mita, ya ce Baba sai haƙuri, fanel ɗin da ke cikinta ya ƙone. Tsohon har ya miƙe zai tafi yana share ido, sai ta ce a ba ta ta gani. Ta ce ya kawo cajarsa ta gida, wata tsohuwar caja mai naɗin baƙin salatif. Muna tsaye sai ga sikirin ya kawo haske." Ya ajiye sukudireba. "Tsohon ya yi ta sa mata albarka a gaban jama'a. Har ya juya ya ce wa Musaddiƙ, ɗana, ashe maigidan shagon nan a zaune take. Aka yi dariya. Ni ma na yi, ba don ta yi mini daɗi ba."

"Shi fa?"

"Shi ma ya yi. Me zai yi?"

Halliru ya san irin dariyar. Irinta yake yi a kasuwar Roni duk sanda aka zo ana ba shi labarin yadda yaran sintiri suka kamo ɓarawo.

"Ka ce da cajarsa kaɗai ta tashi?"

"Da ita kaɗai. Bakinta ya lanƙwashe daidai da lalacewar wayar, sun tsufa tare. Wa zai saci wannan ragargazajjiyar? Ko kyauta aka ba ni ba na so."

*

Halliru ya jira har Musaddiƙ ya fita sallar la'asar sannan ya shiga wurin Saude.

"'Yata, cajar tsohon tana ina?"

"Tana nan, Baffa, a ƙusa na rataye ta." Ta miƙa hannu bayanta ba tare da ta juya ba. Hannun ya shafi bango. Ta juya. Cajoji sun fi goma a rataye, sababbi da tsofaffi, amma mai baƙin salatif ba ta ciki. Ta zazzage durowa, ta duba ƙarƙashin tebur.

"Ban lura ba. Hankalina duk yana kan wayar."

"In ba a ba ta wuta ba, me zai faru?"

"Batirin ba ya riƙewa. In ya tsiyaye gaba ɗaya, ban da tabbacin za ta sake tashi."

"Wa ya san haka?"

"Na faɗa a gaban kowa."

"Wanda ya ɗauka zai iya kwashe muryoyin da kansa?"

"A'a. Tana da lambar sirri. Daga Baba sai ni."

Halliru ya gyaɗa kai. Ɓarawon da ya shiga garke ya bar bijimai ya ja ramammiyar saniya, har ya haɗa da ƙwaryar maganinta, ba kasuwa zai kai ta ba. Wanda ya ɗauki wayar nan ya san ciwonta, kuma ba ya so ta mutu. A wani wuri a garin nan akwai mutumin da ke zama yana riƙe da igiya a karkace.

Ya fito ya tsaya kusa da babur ɗin Musaddiƙ da ke kafe a inuwa. A jikin kan babur ɗin akwai ɗan soket na caji da mai shi ya haɗa da hannunsa, aiki mai tsabta.

Ya leƙa ciki ya tambayi Saude, "Ina maigidanki ke zuwa da safe kafin ya zo shago?"

"Gona, hanyar Roni. Kwanan nan kullum sai ya je duba gero." Ta tsaya. "Baffa, me ya sa ka tambaya?"

Sallama kawai ya yi mata ya tafi.

*

Washegari da hantsi Halliru ya kama hanyar gonar da ƙafa. An yi yayyafi, taya mai tsaga ta zana kanta a kan burtali kamar rubutu. Ya bi ta ya wuce bayan gari, ya wuce masu wankin babura a bakin rafi. Tun kafin gonakin, sawun ya kauce ya shiga wani kwari, ya tsaya a gindin tsamiya inda ba a hango mutum daga hanya.

Halliru ya tsuguna. Ga inda aka kafe babur, ƙarfen ya nutse a wuri ɗaya har ya yi rami, alamar ba zuwa ɗaya ba ne. Ciyawar da ke bayan salansa ta yi baƙi da hayaƙi, an bar inji yana aiki babur na tsaye. A gefen tayar gaba kuwa ga sawun takalmi biyu a jere, gabansu ya nutse, diddige a sama: mutum ne ya tsuguna ya daɗe, bai ko gyara ƙafa ba.

Daga nan sawun ya juya ya koma gari. Gona ko leƙa ta ba a yi ba.

Ya daɗe a wurin. A rayuwarsa ya bi sawu da yawa, kuma in ya kai ƙarshe yakan ji daɗi. Wannan karon bai ji ba.

*

Bayan azahar aka taru a zauren mai unguwa. Baba Kura na kusa da mai unguwa, Daudu da Sama'ilu a gefe ɗaya ba mai kallon wani, Saude a bakin ƙofa cikin hijabinta, Musaddiƙ a tsakiya. Mai shayi da wasu 'yan layi sun cika waje.

"Ranka ya daɗe," in ji Halliru, "Daudu wayar yayarsa ya sayar, na gan ta da idona. Sama'ilu ba ya ƙaunar yarinyar nan, ya faɗa mini da bakinsa, amma ba shi da makulli, kuma da shi ne da ya jefa ta a dam ya huta. Saude kuwa, da ƙona ta ta yi, ba abin da za ta yi da tsohuwar caja. Wanda ya ɗauki wayar ya haɗa da cajar, don ya san da ita kaɗai take sha. Tun ranar yake ba ta wuta a ɓoye."

Baba Kura ya ɗago. "Kana nufin tana da rai?"

"Har yau da safe tana da rai, Alhaji." Ya juya. "Musaddiƙ, geron naka ya fara fitar da kai?"

"Ya fara, Baffa."

"Na bi sawunka yau. Bai wuce tsamiyar kwari ba."

Musaddiƙ ya dubi mai unguwa, ya dubi ƙasa. Can ya miƙe ya fita, mutanen waje suka dare masa. Suka ji ƙarar buɗe kujerar babur. Ya dawo da ƙunshin tsumma ya ajiye a gaban tsohon, ya durƙusa.

"Ban yi niyyar cutar da kai ba, Baba. So na yi in gyara ta ni kaɗai, in kawo ta in ce na gano ta a hannun wani kuma na tashe ta. Sai na tarar da lamba. Buɗe ta kuma na kasa, don na san ba a buɗewa sai an kwashe. Ni na koya mata hakan. Ni na koya mata riƙe sukudireba. Shagon da sunana yake. Yanzu mutum zai shigo ya same ni zaune, ya gaishe ni, ya ce ina Saude, in na ce ta fita sai ya ce bari ya dawo. A gida ma in wayarta ta yi ƙara, aiki ne. Tawa tana kwana ba wanda ya kira."

"Da aka ce ni na sace fa?"

Saude ce ta yi magana, a hankali, daga bakin ƙofa.

"Kana tsaye aka ce na sayar. Kana tsaye mata suka zo suka karɓe wayoyinsu daga teburina. Ka dawo gida ka ci abincin da na dafa, ka ce in yi haƙuri, kowa na kuskure."

Bai ɗago ba.

"Ka ji daɗi?"

Ya ce, "Ranar farko na ji."

Mai unguwa ya fara magana a kan 'yan sanda, Baba Kura ya ɗaga hannu. "Ranka ya daɗe, a bar wannan tukuna. 'Yata, duba mini ita."

*

Aka koma shagon. Saude ta kwance tsumman, ta danna. Sikirin ya kawo haske, jan layin batir ya kusa ƙarewa, bayan wayar ya ɗaga fiye da yadda ta bar shi. Ta jona cajar, ta zura sabon memori, ta sa lambar.

"Sai wani ya riƙe mini igiyar kada ta motsa, hannuna biyu na aiki. In ta yanke a tsakiya, ban san me zai rage ba."

Musaddiƙ ya matso ya miƙa hannu. Ba wanda ya kai shi sanin yadda ake riƙe ta. Saude ta dubi hannun, ta ɗaga kai ta dubi bayansa.

"Yaya Sama'ilu, don Allah zo ka riƙe."

Sama'ilu ya matso ya tsuguna ya karɓa. Ta gyara masa yatsu, ta karkata har alamar caji ta fito. Musaddiƙ ya ja da baya ya jingina da bango.

Aikin ya ɗauki lokaci. Ta fara da muryoyin, sannan hotuna, sannan lambobin mutane. Gumi ya tsattsafo wa Sama'ilu a goshi, hannunsa ya gaji, ya tallafe shi da ɗayan. Da ta gama ta zare memorin ta sa a kwamfuta, ta sake yin wani kwafin a wayar Daudu da izinin tsohon, ta ce abu ɗaya a wuri ɗaya ba ajiya ba ce. Sannan ta danna ɗaya daga ciki don ta tabbatar.

Wata murya ta cika shagon, siririya, mai dariya a ƙasanta.

"Baba, ina kwana. An ce mini jiya ma ba ka ci tuwo ba, shayi kawai ka sha. Wallahi in na zo sai mun ɓata."

"Na ci, Ummi," in ji tsohon. "Na ci."

Halliru ya fita waje ya ba su wuri.

Baba Kura bai kai ƙara ba. Saude ta canza bakin cajin da batirin a ranar, ta miƙa masa wayarsa, da yamma ta hau motar Yankwashi zuwa gidan iyayenta. Manya suka yi ta kai da kawowa har kaka ta shigo kafin ta yarda ta dawo, kuma ba ta koma teburin nan ba. Ta kama nata shagon a bakin tasha, da sunanta a allo.

Halliru ya bi ta layin wata ranar da ya shigo Kazaure sayen gishirin dabbobi. Musaddiƙ na zaune shi kaɗai, tebur na biyu an jingine shi da bango. Wani dattijo ya tsaya da waya a hannu yana tambayar ina mai gyaran nan mace. Musaddiƙ ya dubi wayar, ya dubi mutumin.

"Tana bakin tasha, Baba," ya ce. "Shago mai koren fenti. Ka ce mata mijinta ne ya turo ka."